Sharon a Lambun Bayan Gida: Yadda Tumatirin da Aka Dasa a Makare Yake Ƙarewa a Bazara

A watan Mayun 2016 gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, bayan hukumomin jihar sun ce kusan kashi 80 cikin 100 na gonakin tumatirinsu sun lalace saboda wani ƙwaro mai cin ganye da 'ya'yan tumatir. A Kadawa ta jihar Kano, kamfanin sarrafa tumatir na Ɗangote, wanda bai daɗe da buɗewa ba, ya tsayar da injinansa saboda babu abin niƙawa. Jaridu suka laƙaba wa annobar suna "Ebolar tumatir". Manoman Kura da Bunkure da Garun Malam sharon suke ce mata, masana kuma Tuta absoluta. Asalin ƙwaron Kudancin Amurka ne. An fara ganinsa a Sifen a 2006, ya ratsa Arewacin Afirka, aka tabbatar da shigowarsa Najeriya a 2015, kuma tun daga nan ya zama ɗan gari. A 2023 ma ya sake yin ɓarna mai yawa a Kano da Katsina da Kaduna.

Labarin manyan gonaki an sha ba da shi. Wanda ba a cika dubawa ba shi ne na ɗan lambun bayan gida, inda ake shuka tumatir don miyar iyali, kuma inda sharon yake cinye komai cikin makonni kaɗan, mai lambun yana ɗora laifi a kan rana.

Lambun da za a bi a nan irin wanda ake gani ne a bayan gidajen unguwannin gefen Kano ko Zariya. Fangali uku ne, kowanne faɗinsa mita 1.2, tsawonsa mita 5. Layi biyu a kowane fangali, santimita 60 tsakanin layi da layi, 45 tsakanin tushe da tushe, jimilla tushe 66. Irin UC82B ne ko Roma, waɗanda aka fi samu a shagunan iri. Ba a yi renon dashen a gida ba, sayo shi aka yi a wurin wani mai lambu, aka dasa a tsakiyar Janairu. Ruwa daga rijiya, safe da yamma. A kusurwar katanga akwai juji, inda ake zubar da ragowar kayan miya.

Yadda abin yake tafiya

Makonni huɗu na farko babu abin da zai ɗaga hankali. Sanyi bai gama sakin gari ba, shukar ta kama, ta yi kore shar. Wajen tsakiyar Fabrairu, wanda ya sunkuya ya duba zai ga 'yan tabo farare-farare a wasu ganye, kamar an ɗiga musu ruwan zafi, guda biyar ko goma a duk lambun. Yawanci ba a sunkuyawa. A ƙarshen Fabrairu fure ya buɗe, a farkon Maris 'ya'ya sun fara ƙullawa, tabon kuma ya yawaita, sai a ce ƙunar rana ce, a ƙara ruwa, a watsa yuriya don ganyen ya farfaɗo. Tsakiyar Maris a je shagon magani a sayo abin da mai shago ya miƙo, a yi feshi sau biyu ko uku. Kafin ƙarshen wata ganyen ya bushe kamar an babbaka shi, kan shukar ya mutu, kowane ɗan tumatir da aka tsinka yana da 'yar huda baƙa a kusa da hancinsa, ciki kuma ya fara ruɓa.

Abin da ya sa ɓarnar take zuwa kamar farat ɗaya yana cikin rayuwar ƙwaron. Uwar wata 'yar faɗa-wuta ce mai launin toka, tsawonta bai wuce milimita 6 zuwa 7 ba, da rana tana laɓe a ƙarƙashin ganye, da almuru ta fito. Mace ɗaya tana iya saka ƙwai har 260, ɗai-ɗai, galibi a sabon ganyen sama. Ƙwan bai kai rabin milimita ba, da ƙyar ido yake kama shi. Cikin kwana 4 zuwa 6 ya ƙyanƙyashe, 'yar tsutsar ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta zauna tana cin tsokar da ke tsakiya. Idan ta ƙoshi sai ta naɗe kanta cikin siririyar saƙa, a jikin ganye ko a cikin ƙasa, ta fito da fiffike.

Tsawon wannan zagaye zafi ne yake yanke shi. An auna cewa a zafin digiri 14 na Salshiyas yana ɗaukar kwana 76, a 20 kwana 40, a 27 kuwa kwana 24 kacal. Wato a watannin hunturu, Disamba da Janairu, ƙwaron a hankali yake hayayyafa, shukar tana girma ta bar shi a baya. Daga tsakiyar Fabrairu zuwa ƙarshen Afrilu kuwa zuriya uku za ta iya fita, kowace ta ninka wadda ta gabace ta ninkin-ba-ninkin. Tabo goman nan na Fabrairu su ne kakannin abin da ya ƙone lambun a ƙarshen Maris. Wanda ya dasa a tsakiyar Janairu ya ajiye 'ya'yan tumatirinsa daidai lokacin da ƙwaron ya fi ƙarfi.

Tabbatar da cewa sharon ne

A tsinki ganye mai tabo a ɗaga shi sama ta fuskar rana. Idan sharon ne, tabon faffaɗa ne, marar tsari, haske yana ratsa shi kamar takarda mai maiƙo, a gefe guda kuma akwai baƙin gari a tare, kashin tsutsar ke nan. Sau da yawa za a ga ita kanta tsutsar a ciki: ba ta wuce milimita 8 ba, fara-fara tana ƙarama, kore ko ja-ja idan ta girma, da wani siririn baƙin layi a bayan kanta. A girgiza shukar da yamma, 'yan faɗa-wutar za su tashi su sake sauka nan kusa.

Wannan dubawa tana da amfani domin abubuwa huɗu ko biyar ake rikitawa da shi, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Siririn farin zane mai lanƙwasa kamar sawun maciji aikin tsutsar wani ɗan ƙuda ne, ɓarnarta ba ta kai ta sharon ba. Babban rami zagayayye a jikin ɗan tumatir, da ƙatuwar tsutsa rabinta a waje, wannan irin tsutsar da ke cin auduga da masara ce, da hannu ake tsince ta. Ganye ya ƙanƙance, ya naɗe sama, gefensa ya yi rawaya, shukar ta tsumbure, wannan cuta ce da farin ƙuda yake yaɗawa, ba ta warkewa, sai tumɓukewa. Ganye ya yi ɗige-ɗigen rawaya da siririyar yana a ƙasansa, jan gizo-gizo ne, shi ma zafi da ƙura yake so. Gindin ɗan tumatir ya yi baƙi ya lotsa ba tare da huda ba, wannan ba ƙwaro ba ne sam, ban-ruwa ne marar ƙa'ida, yau a cika gobe a bari ƙasa ta tsage.

Inda aka yi kuskure

Na farko lokacin dashe, an riga an faɗa. Na biyu dashen da aka sayo. Wurin renon da yake buɗe a gefen tsohuwar gonar tumatir, a watan Janairu, da wuya dashensa ya zo babu ƙwai a jiki, kuma mai sayarwa bai sani ba, domin shi ma ba ya ganinsu. Na uku jujin nan. Tumatirin kasuwa da ya huje, wanda aka ware lokacin jajjage aka watsar a bayan gida, sau da yawa da tsutsa a cikinsa. Ta fito, ta shige ƙasa, bayan kwana goma ko ƙasa da haka ta tashi, lambu kuma yana taku biyar daga nan. Haka tsohon kwandon tumatir da aka jingine a katanga. Wannan hanya ta gida ce zalla, kuma ita ce aka fi mantawa da ita.

Yuriyar da aka ƙara ta taimaki ƙwaron ne, domin sabon ganye mai laushi shi uwar take nema. Amma kuskuren da ya fi tsada shi ne feshin. Magungunan da aka fi miƙo wa mai ƙaramin lambu su ne masu ɗauke da cypermethrin ko lambda-cyhalothrin, kamar yadda ake rubutawa a jikin kwalba. Waɗannan sai sun taɓa jikin ƙwaro suke kashe shi, tsutsar kuwa tana cikin ganye, rufe sama da ƙasa. Bayan haka sharon ya daɗe da sabawa da wannan rukunin magani tun kafin ya iso Afirka. Abin da feshin ya kashe shi ne gizo-gizo da rina da cinnaku da wasu ƙananan ƙwari masu shan ƙwan sharon, waɗanda suke rage shi kyauta. Shi ya sa lambun yakan fi lalacewa bayan feshi. Masu zuba fiya-fiya a tumatirin da za a ci gobe kuwa, su daina. Guba ce mai ƙarfi, ba a yi ta don kayan miya ba, kuma yara ne suke tsinkar tumatir a lambun gida su kai baki ba wanki.

Abin da ya kamata a yi tun a Fabrairu

Ƙaramin lambu yana da wata dama da babbar gona ba ta da ita: ana iya duba kowane tushe. Tushe 66 ba zai ci minti ashirin ba. Sau biyu a mako, da safe, a bi layi-layi, a duba kashi ɗaya bisa uku na saman shukar, a juya ganye. Idan tabon ƙarami ne a matse shi tsakanin yatsa biyu, tsutsar ta mutu, ganyen ya ci gaba da aikinsa. Idan ya cinye rabin ganyen a tsinke shi. Abin da aka tsinka kada ya taɓa ƙasa, kada ya je juji, kada ya shiga takin gargajiya. A zuba a baƙar leda, a ɗaure bakinta tam, a bar ta a rana kamar mako guda, ko a ƙone, ko a binne a rami mai zurfin rabin mita. Kada kuma a yi wa shukar tsirara: a bar mata aƙalla kashi biyu bisa uku na ganyenta, in ba haka ba rana za ta ƙone 'ya'yan. Wannan aikin hannu, idan an fara shi tun tabo bai kai ashirin ba, ya fi kowace kwalba amfani.

Sai tarko. Shagunan kayan gona na manyan garuruwa suna sayar da wani ɗan roba mai ɗauke da ƙamshin macen ƙwaron, ana ce masa feromon. A samu faffaɗar roba marar zurfi, a zuba ruwa ya kusa cika, a ɗiga ɗan sabulu ko mai don kada abin da ya faɗa ya iya tashi, a rataye ɗan robar da waya kamar yatsa biyu a saman ruwan, a ɗora a kan bulo, santimita 20 zuwa 40 daga ƙasa. Guda ɗaya ko biyu ya ishi lambu irin wannan. A riƙa cika ruwan, domin a Maris yana ƙafewa cikin kwana biyu, a kuma sauya ɗan robar bayan mako 4, zafi yana saurin cinye ƙamshinsa. Maza kaɗai yake kamawa, saboda haka ba magani ba ne, ma'auni ne. A ƙirga abin da ya kama duk mako. Ƙasa da 3, a ci gaba da dubawa da hannu. Daga 3 zuwa 30, a fara feshin darbejiya. Sama da 30, an shiga haɗari. Wanda bai samu feromon ba zai iya ɗora 'yar fitila mai caji a kan farantin ruwan sabulu da dare. Cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan ta fito da tarko a kan wannan tsari. Shi yana kama maza da mata, amma a ajiye shi nesa kaɗan da fangalin, domin haske yana janyo na maƙwabta.

Ruwan darbejiya yana aiki, amma sai an haɗa shi daidai, kuma a nan ake yawan sakaci. Ƙarfin yana cikin ƙwallon 'ya'yan, ganye bai kai shi ba. A tsinci nunannun 'ya'ya, a wanke tsokar, a shanya a inuwa, a fasa ɓawon a fitar da ƙwayar ciki. Wadda ta yi fumfuna a zubar. A daka giram 50 don kowace lita ɗaya ta ruwa. Lambun nan, idan shukar ta girma, lita 4 za ta jiƙa shi sama da ƙasa, wato giram 200. A auna sau ɗaya a wurin mai sikeli, a ga inda ya tsaya a gwangwani, daga nan gwangwanin ya zama ma'auni. A ƙulle garin a tsumma, a jiƙa shi ya kwana, a matse sosai, a tace sau biyu don kada ya toshe bakin famfon feshi, a narka sabulun wanki giram 1 zuwa 2 a kowace lita don ruwan ya kama ganye. Garin omo da yawa yana ƙona ganye. A fesa a ranar, da yamma bayan la'asar sakaliya, domin hasken rana yana kashe sinadarin, a kuma karkata bakin famfon ya daki ƙasan ganye. A maimaita duk kwana 5 zuwa 7. Ba za a wayi gari a ga gawa ba. Darbejiya hana tsutsa ci take yi, ta hana ta girma, ta kuma rage wa uwar sha'awar saka ƙwai. Mutane da yawa suna yin feshi ɗaya, su ga tsutsa tana motsi, su ce ba ya aiki. Sai an yi uku a jere ake ganin sabon ganye yana fitowa babu tabo.

Akwai kuma magani da ake yi daga wata ƙwayar bakteriya, da ake rubuta wa Bt, wanda tsutsa kaɗai yake kashewa idan ta ci shi. Ƙananan tsutsotsi yake kamawa, lokacin da suka ƙyanƙyashe ko suka fito za su sauya ganye, don haka shi ma duk mako ne, da yamma.

Idan tarko ya haura 30, sabon tabo kuma yana ƙaruwa duk da wannan, sai a koma ga maganin kanti, amma wanda yake ratsa fatar ganye. Sunayen da za a nema a jikin kwalba, a ƙananan rubutu, su ne emamectin benzoate, spinosad, indoxacarb ko chlorantraniliprole. Kowanne rukuninsa daban. Ƙa'idar ita ce kada a wuce feshi biyu da rukuni ɗaya cikin kwana 30, sannan a koma wani. Sauya sunan kamfani ba sauya magani ba ne, kwalba uku masu launi daban suna iya zama abu ɗaya. Chlorantraniliprole, wanda aka fi yabo, tuni sharon ya fara sabawa da shi a Italiya saboda yawan maimaitawa. A bi adadin da aka rubuta, a auna da sirinji ba da murfi ba, a rufe hanci da hannu, a fitar da yara da kaji. A karanta kwanakin da aka ce a jira kafin tsinka, kuma a tsinke duk nunannun kafin feshi. Da yamma za a yi, lokacin da zuma ta koma gida.

Lokacin haƙura

A lambun da ake magana a kansa, an wuce duk wannan. Idan fiye da rabin ganye ya bushe, kan shukar ya mutu, kuma Afrilu ta kama, ci gaba da feshi asarar kuɗi ce. Ko babu ƙwaro, tumatir yana zubar da fure idan zafin rana ya haura 35, dare kuma bai yi sanyi ba, Kano a Afrilu kuwa tana kaiwa 38 zuwa 40. Sabon furen da ake fatan ceta ba zai ƙulla ba. A tsinke duk 'ya'yan da suka ƙosa. Wanda hudarsa ƙarama ce bai ruɓa ba, a yanke wurin a yi miya ko a shanya kauɗa, tsutsar ba ta da dafi, kuma sunan Ebola da aka sa mata ba shi da alaƙa da wata cutar mutane. Wanda ya yi fumfuna ko wari a binne.

Sannan a tumɓuke shukar gaba ɗaya a rana ɗaya, a ƙone. Barin busasshen kara a tsaye, wai ko zai farfaɗo, renon zuriya ta huɗu ne, kuma maƙwabta za ta faɗa wa. A kafce ƙasar da fartanya zurfin taƙi guda, a saki kaji su yi tono kwana biyu. Zafin Afrilu da ya kashe furen yana da amfani a nan: a jiƙa fangalin sosai, a shimfiɗa farar leda mai ratsa haske, a danne gefunanta da ƙasa kada iska ta shiga, a bar ta mako 4 zuwa 6. Ƙasar sama za ta yi zafin da zai kashe na kwance a cikinta, ya kuma rage tsutsar saiwa mai sa gindin shuka ƙulle-ƙulle. A bi gefen katanga a cire zaƙami da gautan kaji, domin dangin tumatir ne, a kansu sharon yake jiran shekara. Gauta da yalo da dankalin Turawa su ma dangi ne, kada su gaji fangalin.

Kalandar da ta dace ita ce a zuba iri a farkon Oktoba, a gida, a ƙarƙashin gidan sauro wanda ba a jiƙa da magani ba, a danne gefensa da ƙasa, kada a bar ko kafa ɗaya. Bayan kwana 25 zuwa 30, dashen yana da ganye 4 ko 5, tsawonsa santimita 12 zuwa 15, a dasa shi da yamma a farkon Nuwamba. A sa kamfa giram 10 a kowane tushe bayan mako biyu, tazarar yatsa huɗu daga gindi, a kafa tarko tun ranar dashe. Fure zai buɗe a sanyin Disamba, tsinka ta fara a tsakiyar Janairu, a gama a tumɓuke kafin ƙarshen Fabrairu, ƙwaron bai kai ga yin ƙarfi ba.

Fangalin kuma ba zai zauna banza a bazara ba. Alayyafo yana son zafi, ana fara yankansa bayan mako 4. Kuɓewa tana fara ba da 'ya'ya cikin kwana 50 zuwa 60, kuma wadda aka shuka a Maris da ban-ruwa tana riskar lokacin da ɗanyar kuɓewa take tsada. Yakuwa da rama da lalo haka suke, babu ɗayansu da yake dangin tumatir. Darɓa takan taru a ƙasan ganyen kuɓewa, ganyen ya yi danƙo, tururuwa tana hawa da sauka. Ruwan darbejiyan nan, giram 50 a lita, duk mako, ya ishe ta.